Sabon Dimarer a Motar Baba Nomau

Ranar da na buɗe cikin dimarer ɗin motar Baba Nomau a kan teburin aiki, baƙaƙen ɓaraguzai suka zubo mini a tafin hannu, har gobe ba ta fita raina ba. Laraba ce, da hantsi. Ku yaran garajina, kun sha tambayata abin da ya sa nake tashi da faɗa in na ga wani ya ɗaga ƙarfe zai ƙwanƙwasa dimarer, har wasunku na cewa Labo tsufa ya zo masa da masifa. To ga dalilin a rubuce, tunda in na fara da baki ba kwa barina in kai ƙarshe. Rubutun ku yi haƙuri da shi, a aji biyar na bar lekol, wato makarantar boko.

A lokacin ina aiki a wani garajin gwamnati a nan Maraɗi, shekarata goma sha ɗaya a wurin. Zamanin da aka buɗe ƙofar jam'iyyu ne, ana shirin zaɓe, kowa ya zama ɗan siyasa har mai sayar da goro. Mu makanikai da direbobi okziliyar ake ce mana, wato ƙananan ma'aikatan da ba su da takardar makaranta. Mai difloma sai an sha wuya kafin a taɓa shi. Mu kuwa takarda guda ta isa a ce ka tafi gida. Samanmu akwai shef na garaji, Shef Isuhu, wanda na girme shi da shekara huɗu amma ya yi makarantar koyon sana'a. Samansa akwai direkter, wanda ba ma ganinsa sai in motarsa ta yi ciwo.

Tsarin aiki a takarda haka yake: mota ta lalace, direba ya faɗa wa shef, shef ya cika takardar gyara ya miƙa wa makanike. In ana son sabon ƙarfe a rubuta bon, wato takardar fitar da kaya, direkter ya sa hannu, a kai magazin, ɗakin ajiyar kaya, a karɓo. A zahiri kuwa magazin ɗin babu komai sai yanar gizo da tsoffin tayoyi. Sai mu ciro daga matacciyar mota mu sa wa mai sauran numfashi. Yau yajin aiki, gobe taro, jibi ɗalibai sun tare hanya. Ga jita-jita tana yawo cewa za a rage okziliyar, an ma fara rubuta sunaye. Ba wanda ya ga takardar da idonsa, amma kowa ya san wanda ya ganta. Mutum yana ƙarƙashin mota kunnensa na ƙofar ofis.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, dimarer shi ne ɗan injin lantarki da ke tayar da mota, wanda ƴan ƙetaren iyaka ke kira kik. In ka murɗa makulli, wuta ta taso daga batir ta shige shi, ya tura wani ɗan haƙori ya kama babban faifan inji ya juya shi, mota ta tashi. Wutar tana shiga ta waya guda, tana komawa ta wata mai kauri da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, ita muke kira mas. In mas ta yi tsatsa ko ta saki, komai lafiyar dimarer ba abin da za ka ji sai ƙas, ƙas.

Tsoffin dimarer da muka taso da su, cikinsu naɗin waya ne da ƙarfe zalla, sai ƴan gawayi da ke goga wuta. In gawayin ya cinye, ka ɗan ƙwanƙwasa jikinsa da ƙarfe sai ya zauna daidai, mota ta tashi. Da yake babu sabon gawayi a magazin, wannan bugun ya zama gyara. Kowace motar garajinmu akwai guntun rodi ƙarƙashin kujerar direba, muna ce masa bulala. Ni na yanka su da hannuna, ni na raba, ni na nuna wa kowane direba inda zai buga. Har alfahari nake da abin.

Baba Nomau Bagobiri ne na Tibiri, zanensa tun daga bakin baki har kunne. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Wata farar bashe yake ja, irin ƙaramar motar kayan nan mai rufin tamfol, mai shan gazuwal, wato man dizal. Dimarer ɗinta sau biyu ina sake masa naɗi, a na uku ya ƙone ƙurmus. Wata huɗu ana tura motar nan kowace safiya. Har ya zamana in Baba Nomau ya shigo garaji kowa sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida.

Sai ga umarni daga sama cewa ranar Talata bashe za ta kai katunan zaɓe Tibiri da safe, ta wuce Jiratawa kafin azahar. An aika wa mutanen garuruwan su taru. Nan take aka sami abin da aka rasa wata huɗu. Litinin da hantsi Shef Isuhu ya ajiye mini kwali a kan tebur, ya ce daga kasuwa aka sayo, kayan ƙetaren iyaka ne.

"Ka sa shi yau, Labo. Ka duba wayoyi duka, kada ka bar komai."

"Shef, shekara nawa ina sa dimarer?"

"Ban ce ba ka iya ba. Na ce ka duba."

Ya juya ya tafi da farar rigarsa da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba. Gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ni ne dai ban taɓa yafe masa diflomar ba.

Ranar kuma sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ta kira taro ƙarfe goma sha biyu, an ce za a yi maganar sunayen da za a rage. Ina son in je in ji da kunnena. Saboda haka da gaggawa na kama aikin. Na cire kan batir, don ba a taɓa dimarer da wuta a jiki. Na shiga ƙarƙashi na kwance wayoyi biyu da kusoshi uku, na zaro tsohon. Na fito da sabon daga kwali, sai na ji shi sakayau, bai kai nauyin tsohon ba, kuma ya fi shi gajarta. Na ƙirga haƙoransa, tara, daidai da na tsohon. Ramukan kusa sun hau. Na ce to.

Abu biyu suka faru da ya kamata su tsayar da ni. Na ɗaya, na ajiye kile, wato sifanar kwance kusa, dab da shi, sai kilen ya ja ya manne a jikinsa. Na ɓamɓare, na sake matsawa, ya sake mannewa. Na san maganaɗisu ne, amma ban taɓa ganin dimarer da ke jan ƙarfe ba wuta ba. Ofishin shef taku ashirin ne daga inda nake. Ban je ba, don kada ya ce wannan ma ban sani ba. Na biyu, akwai takarda a cikin kwalin, da Turancin Ingilishi. Ni Faransancin ma da ƙyar nake haɗa baƙi. Na juya ta gaba da baya, na goge hannuna da ita, na jefa a duron shara.

Baba Nomau yana tsugune a gefen mota yana kallona, yana ɓare gyaɗa.

"Bakatsine, wanga ɗan abu ne za shi tada motata? Ko na keken ɗinki suka sawo?"

"Baba, ku Gobirawa komai sai kun gan shi ƙato kuke yarda da shi. Miƙo mini kile sha uku."

"Ni direba ne ba yaronka ba." Ya miƙo.

Na ɗaure kusoshi, na mayar da wayoyi. Da na zo mayar da kan batir, idona ya sauka a kan mas, inda ta haɗu da jikin mota. Ta yi kore, ta yi gari-gari. Aikin minti goma ne, ka kwance, ka kankare da takardar yashi, ka shafa man giris, ka ɗaure. Na dubi agogon bango, sha biyu saura kwata. Na ce in ta tashi yanzu, sai jibi in sun dawo.

Baba Nomau ya shiga ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba, ta kama. Ya kashe, ya sake, ta kama. Sau huɗu yana yi yana dariya kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sannan ya laluba ƙarƙashin kujera ya zaro rodinsa.

"To bulala hwa? In yar da ita?"

"Ajiye abarka, Baba. Ƙarfe duk ƙarfe ne. In ya yi maka gardama ka ba shi biyu masu kyau."

Da bakina na faɗi haka. Na wanke hannu na tafi taro. A taron ma ba a faɗi komai ba, an yi ta ihu ne har la'asar.

Abin da ya faru Talata ban gani da idona ba, daga bakin Baba Nomau na ji, da bakin wani mushe, malamin makaranta, da aka ɗora wa rabon katunan suka tafi tare. Sun isa Tibiri lafiya, aka sauke akwatin garin. Da suka tashi tafiya, ya murɗa makulli, ƙas. Ya sake, ƙas. Ya buɗe gaban mota, ya ba shi biyu kamar yadda na ce, ya koma ya murɗa, ta tashi. Ya ce a ransa ashe sabon ma ɗan gidan ne.

Da suka dawo Maraɗi za su kama hanyar Jiratawa, suka tarar ɗalibai sun tare mafitar gari da tayoyi. Baba Nomau ya san ƙasar nan kamar ɗakinsa, sai ya zagaya ta hanyar amalanke da ke bin gefen gulbi. Rani ne, rairayi ya yi zurfi. A wani kwari motar ta nutse, ya zo sauya giya ta mutu. Ya murɗa, ƙas. Ya ba shi biyu, ƙas. Ya ƙara huɗu, da ƙarfi wannan karon. Daga nan ko ƙas ɗin ma ya daina. Motar gazuwal a cikin rairayi kuwa ko mutum ashirin ba su tura ta ta tashi, balle su biyu.

A can Jiratawa mutane sun baro fadama tun hantsi, sun bar ban ruwa, sun zauna a rana suna jira. Wakilan jam'iyyu suna nan kowa da littafinsa. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Mushe ya taka da ƙafa ya nemo amalanken shanu, suka ɗora akwati, suka shiga gari rana ta yi ja. Kafin su isa magana ta riga ta gama gari. An ce direban ɗan Tibiri ne, ya kai wa garinsu nasu, ya ɓoye na Jiratawa. An ce ƙanensa shi ke yi wa wata jam'iyya shela a Tibiri, wanda kuma gaskiya ne, ƙanen yana yi. Baba Nomau kuwa ban taɓa jin ya ambaci siyasa ba, zancensa gero da awaki. Aka yi masa ca, wani ya fizge hularsa, wani ya yaga masa riga. Jandarmomi ne suka shiga tsakani suka ɗauke shi.

Laraba da safe aka jawo bashe garaji, aka ba Baba Nomau takardar dakatarwa, aka ce ya dawo Litinin a yi zama a kansa. Shef Isuhu ya ce in ciro dimarer in buɗe a gabansa, direkter na son rapor, wato rahoton abin da ya faru. Na ciro. Jikinsa duk ya lotsa ta gefe guda. Na kwance dogayen kusoshin biyu na zare murfi, ɓaraguzan nan suka zubo, baƙaƙe, masu kaifi kamar fasasshen tangaran, suna manne wa juna.

Shef ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Ka san mene ne wannan?"

"Maganaɗisu ne."

"Shi ne. Sabbin nan ba naɗin waya a jikinsu, maganaɗisu aka liƙa da gam. Bugu ɗaya ya isa ya tsaga shi. In ya fashe ya cushe ciki, shi ke nan. Ba a bugun irin wannan, Labo. Ana rubutawa a takardar da ke cikin kwali. Ina takardar?"

Duron sharar yana bayansa, bai fi taku uku ba. Ba a kwashe shi ba tun Litinin.

"Babu takarda a kwalin, Shef."

"Ka faɗa wa Nomau ya buga?"

"Kowa na bugu a garajin nan."

Bai sake tambaya ba. Ya ce in ciro dimarer ɗin wata mota da ke jiran taya in sa wa bashe, shi zai je ya rubuta. Na ciro na sa. Na murɗa makulli, ƙas. Wannan dimarer kuwa lafiyarsa lau, jiya ya tashi a gabana. Na kwance mas, na kankare koren nan har ƙarfe ya yi fari, na ɗaure. Na murɗa, ta tashi tun kafin in gama murɗawa. A nan na san komai. Sabon dimarer ba shi da laifi, direba ba shi da laifi. Wayar da na gani na bari ce ta hana wuta wucewa, bakina kuma ya sa aka farfasa abin da ba a bugu.

Kafin azahar shef ya fito da rapor ya karanta mini. An sa sabon dimarer Litinin, an gwada, yana aiki. An same shi Laraba a farfashe sakamakon duka da ƙarfe daga waje. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya ce in na yarda in sa hannu a matsayin makaniken da ya buɗe. Na riƙe biron nan, ina tuna takardar sunaye, ina tuna ƴaƴana biyar, ina tuna cewa okziliyar da ya ɓata aikin zaɓe ba sai an nemi dalilin korarsa ba. Na ce a raina ai tsoho ne, kowa ya san shi, faɗa za a yi masa a bar shi. Na sa hannu.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Alhamis na kwance kabireta guda sau biyu ban san abin da nake nema a ciki ba. Na je ƙofar ofishin shef, na ji yana waya, na dawo. Na sake zuwa, na tarar da baƙo, na ji daɗi, na dawo. Da aka tashi ban nufi gida ba, na bi ta kasuwa, na fita ta tasha, na zagayo, ba abin da na saya. A gida uwar yara ta ajiye tuwo, na yi loma biyu na tashi. Ta ce, "Maigida, ko sunanka ya fito ne?" Na ce a'a. Ta ce to mene ne. Na ce zafi ne.

A garaji kuwa magana ta sauya. Waɗanda suka shekara ashirin suna cin gyaɗar Baba Nomau suka fara cewa dama shiru-shirun nan nasa ba na banza ba ne. Wani ya ce ai sabon dimarer ba ya mutuwa a kwana ɗaya sai da niyya. Aka juyo gare ni, tunda ni na buɗe. Na ce ni dai abin da na gani na sa wa hannu.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da shi zaune a dakalin ƙofar gidana, kekensa jingine da bango. Daga Tibiri ya tako shi a ranar nan. Na kawo ruwa ya sha. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar.

"Labo, mushe ya karanta mini abin da aka rubuta. An ce na hwasa shi da gangan."

"Ba a ce da gangan ba, Baba."

"Direkter ya ce. Ni ban san maganaɗisu ba, ban san komi ba. Na tambaye ka, ka ce in ba shi biyu. Ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaya."

"To shi ke nan abin da ya kawo ni. Ban ce ka yi ƙarya sabili da ni ba. Ka hwaɗi abin da ka ce."

Na ce ya bari sai Litinin a wurin zama, a nan maganar za ta fi nauyi. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Allah shi kai mu." Ya hau kekensa. Ko Bakatsine bai ce mini ba ranar, da sunana ya yi ta kirana.

Zaman ladabtarwa a ofishin direkter ake yi. Direkter a kujerarsa, shef a gefe, wakilin sandika, da sakatare mai rubutawa. Wanda ake tuhuma yana tsaye. Aka karanta rapor, aka karanta wasiƙar ƙorafi daga wakilan jam'iyyu na Jiratawa. Aka tambayi Baba Nomau, ya faɗi nasa a taƙaice, bai ambaci sunana ba. Sannan aka kira ni in tabbatar da sa hannuna.

Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba, wataƙila gajiya ce kawai. Na ce, "Ranka shi daɗe, hannuna ne, amma akwai saura." Na faɗi maganar mas, cewa na gan ta na bari. Na faɗi maganar takardar kwali, cewa akwai ta, na goge hannu da ita, na yi wa shef ƙarya. Na ce bulala ni na yanka ta, kuma ni na ce ya ba shi biyu. Shef Isuhu bai dube ni ba, amma ya ce, "Mushe direkter, abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na gani a jikin ƙarfen. In mas ta yi tsatsa haka za ta yi. Ina iya sake rapor."

Direkter ya cire tabarau ya murza ido. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi.

"Yaushe ka san wannan?"

"Laraba, ranka shi daɗe."

"Laraba. Rapor ya tafi Yamai tun Alhamis da sa hannunka. Ranar Juma'a na zauna da wakilan jam'iyyu huɗu a ɗakin nan, na ce musu an gano mai laifi, an ɗauki mataki. Da ƙyar suka yarda ba gwamnati ce ta shirya abin ba. Yanzu kana so in kira su in ce waya ce ta yi tsatsa? Wa zai yarda? Cewa za su yi mun sayi makanike ya wanke ɗan'uwansa."

Wakilin sandika ya yi ƴan maganganu kan haƙƙin ma'aikaci, yana duban agogo, yana da wani taro. Direkter ya ce shef ya rubuta ƙarin bayani a haɗa da fayil a aika. An rubuta, na gani da idona, na sake sa hannu. Ba mu taɓa jin amsarsa ba.

Aka sallami Baba Nomau bisa babban laifi. Shekara biyun da suka rage masa ya cika aiki ya huta da mutuncinsa suka tafi a banza. Ni kuwa takardar gargaɗi aka ba ni. Ba don ana sona ba, don babu wani mai iya naɗin waya a garajin, kuma akwai sauran motoci da za su kai kayan zaɓe. Wanda ya yi ɓarnar ana bukatarsa, wanda bai yi ba an sami inda za a ajiye laifi. Takardar rage ma'aikatan da na ji wa tsoro ma ba ta fito ba a shekarar. Sai bayan shekara huɗu garajin ya mutu da kansa, na fito na buɗe wannan na unguwar Zariya da kuke ciki.

Da muka fito daga ofis ranar, na same shi ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin ƙofa yana ɗaure ƙullin kayansa a bayan keke: buta, darduma, da wani tsohon kwano. Na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, na faɗa."

"Na ji, ka hwaɗa. Allah shi yi maka albarka." Ya ja igiya ya ƙulle. "Amma Laraba nike bukatarta, Labo. Ka kawo ta Litinin."

Ya koma Tibiri ya kama noma. A Jiratawa har yau akwai tsofaffin da in ka ambaci shekarar za su ce maka ai wani direba ne ya ɓoye katuna. Na sha gyara musu zancen in sun kawo injin ban ruwa, su ce to, su ci gaba da abin da suka sani.

Abin da na koya a sana'a ba shi da yawa, kuma kun sha ji. In mota ta ce ƙas, ku fara da batir da mas kafin ku zargi dimarer. In kun sa sabo, ku kankare kowace waya ko da ana kiranku a waje. Ƙarfen da ba ku taɓa gani ba ku tambaya, ko wanda ya sani ɗan cikinku ne, ko ba kwa ƙaunarsa. Takardar kwali in ba ku iya karantawa ku kai wa mai iyawa. Kuma ku daina koya wa direbobi dabarar da kuka ƙirƙiro don babu, kamar ita ce ilimin. Mu talauci ya koya mana bugu, muka ɗauka gwaninta ce.

Abin da na koya game da mutane shi ya fi ɗaci. Direba yana fita da aikin hannunka ya shiga daji da shi, in ya lalace shi ake gani, kai kana inuwa. Manya kuma ba gaskiya suke jira ba, suna suke jira da za su rubuta, wanda ya fara zuwa shi ke nan. Kuskurena na mas minti goma ne, na gyara shi a minti goma. Shirun kwana biyar ne ya ci aikin mutum, shi kuwa babu kilen da ke kwance shi.

Saboda haka ga dokar garajin nan, ku riƙe ta. Duk wanda ya yi ɓarna a cikinku ya faɗa mini a ranar, kafin mai mota ya fita ƙofa. Zan yi faɗa, kun san ni, har maƙwabta su ji. Amma ba zan kore shi ba. Wanda zan kora shi ne wanda ya sani ya bari aka kama wani.